Neman Inuwa a Wudil: Tafiyar Ƙafa a Tsakiyar Bazara

Duk mai bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ya san Wudil, sai dai galibi ta tagar mota ya san ta: ga gada, ga kogi, ga masu tallar kifi, ga cunkoson ranar Juma'a, daga nan direba ya taka wuta a wuce. A bazarar bana na ƙudura niyyar sauka in taka garin da sawuna, a cikin watan Afrilu, kuma a ranar kasuwa. Tambaya ɗaya na ɗauko daga gida: wanda ba shi da mota, kuɗin babur ma sai ya yi lissafi kafin ya fitar, yaya yake ƙarewa da rana tsakanin inda ya sauka da inda za shi?

Da sanyin safiya motarmu ta tashi. Muka bi ta Hotoro, muka bar Tsamiyar Boka a baya, muka wuce Mariri mai kasuwar goro, muka miƙe sai Gano. Tafiyar duka kilomita 40 ce da 'yan kai. Direbanmu sai yabon titi yake yi, kuma da gaskiyarsa, domin aikin mayar da hanyar tagwaye, wanda aka bayar tun 2006, ya rage wa matafiya wahala.

Ni kuwa hankalina yana gefen titi. Can cikin gonaki ga itatuwa nan jefi-jefi, ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo da darbejiya, kowace gona da nata. Tsohuwar al'ada ce ta manoman ƙasar Kano. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya yaba yadda ya tarar da karkara cike da gonaki da itatuwa. Michael Mortimore kuma, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya nuna cewa duk da yawan jama'a, manoman kewayen birnin ba su bari gonakinsu sun rasa itace ba. Amma a bakin kwalta, inda mutane suke tsayuwar jiran mota, labarin dabam ne. A wata mararraba na hango mata da wani yaro sun jeru a siririyar inuwar allon talla, kowa ya karkace don kada kafaɗarsa ta fito fili. A lokacin ƙarfe tara ma ba ta yi ba.

A Kan Gada

Na ce wa direba ya sauke ni kafin gada. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Malam, a cikin wannan ranar? Ai da ka bari na kai ka tasha." Na yi masa godiya, na ce tafiyar ƙafar ce ta kawo ni.

Daga sama da garin ne kogin Kano da na Challawa suke haɗewa, su bi ta ƙarƙashin wannan gada su nufi Haɗeja. Albarkacin madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa ta 1992, ko a tsakiyar rani ba a rasa ruwa a nan. Na leƙa ƙasa na ga masu ɗibar yashi suna loda tifa, masunta suna gyaran koma, samari suna wanka. Akwai 'yar iska mai sanyi da take tasowa daga ruwan, amma ba ta yi wa wanda yake kan gadar wani tasiri. Sama rana, ƙasa kwalta da kankare, gefe kuma hucin tireloli. Ba ni kaɗai nake tsallakawa ba. Ga matan Fulani da ƙwaryar nono a ka, ga mai baro yana tura buhuna, ga almajirai ba takalmi suna sauri suna ɗaga ƙafa. Duk wanda ya hau, ba shi da mafaka sai ya sauka.

Muna ƙetarewa kowa ya nufi wuri guda ba tare da an yi shawara ba: gindin darbejiyar farko. Matan suka sauke kaya, mai baro ya zauna a kan hannun baronsa yana share gumi da hula. Na gaida wata dattijuwa a cikinsu.

"Sannu Inna, ya hanya?"

"Hanya da sauƙi, ɗana. Ranar ce dai."

Ta ce tun asuba suka baro ruga, kuma zuwan ba shi ne wahala ba, komawar ce, domin sai rana ta take suke gama ciniki. Ta lissafa mini wuraren da suke yada zango a hanya: gindin wata tsamiya, rumfar wani mai faci, sai wani mangwaro a bakin lambu. Ta ce a da akwai wata ɗorawa a tsakanin biyun ƙarshe, an sare ta da aka yanka wurin filaye, shi ya sa yanzu wannan tsakanin yake yi musu tsawo. A nan na fara fahimtar cewa mai tafiya a ƙasa ba da kilomita yake auna hanya ba. Daga wannan inuwa zuwa waccan yake aunawa.

Kara da Hantsi

Kasuwar shanun Wudil, wato Kara, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Najeriya. Ranar Juma'a shanu suke kwararowa daga Jigawa da Yobe da Borno, har da na Nijar da Chadi, a yi ciniki a loda su a tirela zuwa Kudu. Na shiga Kara da hantsi, ƙura ta turnuƙe, masu kora suna ihu, dillalai suna tafa hannu. Kuɗin da suke juyawa a wurin ba kaɗan ba ne, amma abin da ya fi wuyar samu shi ne wurin da mutum zai tsaya rana ba ta dukan kansa.

Inuwa akwai ta, sai dai kowace da mai ita. Dillalai suna da rumfunansu na zana da buhu da tsohon kwano. Mai shayi ya kama gindin itace, mai tsire ya kama na kusa da shi, mai cajin waya ya kafa lema. Baƙo da mai wucewa da yaron da aka aiko, su ne ba su da rabo. Na ga 'yan lodi kwance a ƙarƙashin tirelar da take jiran kaya, sun shimfiɗa kwali tsakanin tayoyi. Kowa ya san haɗarin wannan kwanciya, amma zafi ya sa ba a ganinsa.

Wani dattijon dillali ya matsa mini a benci, ya miƙo mini ruwan leda. Na ce, "Baba, kasuwa mai girma haka, me ya hana a cika ta da itatuwa?" Ya ce shuka ba ta taɓa gagarar kowa ba, reno ne aiki. A wurin da dabba take shawagi, in ka dasa yau ba ka killace ba, gobe sai dai ka tarar da rami. Ya nuna mini wata darbejiya da ta rufe rumfuna uku, ya ce wani mai abinci ne ya dasa ta, ya kewaye ta da ƙaya, kullum ruwan wanke-wankensa a gindinta yake ƙarewa. Mai abincin ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa suna nan suna sana'a a ƙarƙashinta.

Kafin in bar Kara rigata ta jiƙe sharkaf. A watan Afrilu zafin ƙasar Kano yakan kai digiri 40 a ma'aunin salshiyos, wani lokaci ya haura. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, adadin da hukumar hasashen yanayi ta NiMet take sanarwa, a cikin inuwa ake auna shi. Wanda yake tsaye a fili yana ɗaukar wannan zafin na iska, ga hasken rana kai tsaye a jikinsa, ga kuma hucin ƙasa, domin kwalta a irin wannan rana tana iya wuce digiri 60. Itace kuwa aiki biyu yake yi: yana tare haske, yana kuma fitar da danshi ta ganyensa, ƙasar gindinsa ba ta ɗaukar zafi balle ta mayar. Shi ya sa taku biyar tsakanin fili da gindin bishiya yake sauya numfashin mutum.

Lamarin kuma ya wuce maganar jin daɗi. Jiri da ciwon kai da suma, har ciwon ƙoda ga mai aikin ƙarfi da ba ya samun isasshen ruwa, duk suna biyo bayan daɗewa a rana. Tsofaffi da ƙananan yara da masu juna biyu su suka fi shiga haɗari. A ranar 3 ga Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A aikin Hajjin 2024 kuma mahajjata sama da 1,300 suka rasu, yawancinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a ƙasa ba tare da mafaka ba. Mu ma nan ba mu manta azumin 2022 zuwa 2024 ba, da ya faɗo a tsakiyar bazara.

Rana Tsaka

Da aka fara kiran sallar Juma'a na bi ayarin masu tafiya masallaci. A nan na lura da wani abu: katangun da suka ba ni inuwa da safe duk sun janye ta. Na dubi ƙasa na ga inuwata ta taru a ƙarƙashin ƙafafuna. Dalili kuwa, Wudil tana kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka wajen 21 ga Afrilu rana takan bi ta tsakar ka daidai, ta sake yin haka a ƙarshen Agusta. A watan da ya fi kowane zafi ke nan, da tsakar rana, bango komai tsayinsa ba ya fisshe ka. Sai abin da yake bisa kai: reshe ko rumfa.

Masallaci ya cika, sahu ya fito har titi. Waɗanda suka zo da wuri sun kama gindin itatuwa da barandar shaguna. Sauranmu muka shimfiɗa darduma a fili, wasu sun ɗora mayafi a ka, wasu sun buɗe lema, wani dattijo kusa da ni yana ta gyara zama saboda zafin ƙasa ya ratso tabarma. Duk wanda ya je Madina ya ga manyan lemomin nan 250 da aka gama kafawa a harabar Masallacin Annabi a 2010, suna buɗewa da hantsi su rufe da yamma. Wanda ya tsaya a Arfa kuma ya ga dubban itatuwan da aka dasa a filin, kuma ba wata bishiya ba ce illa darbejiyar nan tamu. Lemomin Madina sun fi ƙarfin aljihun ƙaramar hukuma, amma darbejiya ba ta fi ƙarfin kowa ba.

Taswirar Ɗan Garuwa

Bayan an idar na tambayi wani ɗan garuwa hanyar da zan bi in fita titin Gaya. Ya dube ni, ya dubi sama, ya ce, "Yallaɓai, ta titi ko ta inuwa?" Na ce ta inuwa. Ya ce to in biyo shi, shi ma can ya nufa.

Muka kutsa cikin lungunan tsohon gari, yana tura kurarsa ina biye. Nan take na ji bambanci. Lungu matsattse ne, rana ba ta samun wurin zama a cikinsa sai na ɗan lokaci. Katangar ƙasa ba ta huci irin na bulo da siminti. Rassan darbejiya da mangwaro sun leƙo daga cikin gidaje sun rufe hanya, ga zaure a buɗe, ga dakali, a wata ƙofar gida har da randa da moɗa an ajiye domin mai wucewa. Waɗanda suka gina waɗannan unguwanni ba su da ma'aunin zafi, amma sun san rana. A birnin Kano ma shaidar tana nan a sunayen wurare irin su Durumin Iya da Ceɗiyar 'Yan Gurasa da Kasuwar Rimi, inda itace ne ya tara jama'a kafin gini ya biyo baya.

Abokin tafiyata bai yi boko mai nisa ba, amma bayanin da ya yi mini ko a aji sai haka. Ya ce layin da ya miƙe kudu da arewa, da safe gefen gabas ake bi, bayan azahar a koma gefen yamma, domin inuwar gini tana juyawa. Layin da ya miƙe gabas da yamma kuwa, a wannan watan ba shi da gefen kirki, rana tana bin sa tun daga fitowarta har faɗuwarta, in ba itace a kansa sai dai a kauce masa. Ya san gidan da reshensa ya fito waje, ya san shagon da mai shi ba ya korar mai fakewa, ya san inda zai tsaya ya huta kafin ya tunkari fili. Ya ce hanyar inuwa ta fi tsawo, amma ya fi isa da sauran ƙarfinsa.

A birnin Basalona na ƙasar Sifen, a 2021, wata hukumar tsara birni ta fitar da manhajar waya mai suna Cool Walks. Mutum zai sa inda yake da inda za shi, ta duba tsayin gine-gine da itatuwa da matsayin rana a wannan sa'ar, ta nuna masa hanya mafi kusa da kuma hanya mafi inuwa, har da wuraren shan ruwa. Abin da injiniyoyi suka zuba a kwamfuta a can, shi ne ɗan garuwan Wudil yake ɗauke da shi a ka. Bambancin kawai, a can hukuma ta ɗauki wannan sani da muhimmanci. A nan kuwa ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Muna fitowa daga lungu na ƙarshe sai ga fili fetal, ga titi mai faɗi, ba ko kara. Ya tsaya ya ja numfashi ya ce, "Daga nan kuma sai haƙuri." Inuwar Wudil haka take, kamar carbin da zarensa ya tsinke: 'ya'yan suna nan a warwatse, abin da ya rage a shirya su a zare guda.

Titin Gaya

A wannan titi Jami'ar Kimiyya da Fasaha take, wadda ta fara aiki a 2001, aka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022. Ita da Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda sun jawo wa garin dubban baƙi. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 185,000, yau kuwa ko ba a ƙirga ba ido ya shaida an ƙaru ƙwarai. Sababbin unguwanni sun tashi, da gidajen haya na ɗalibai, da layuka masu faɗi, da katangun bulo da rufin kwano. Da yawa daga masu sayen fili, abin da suke fara yi shi ne kiran mai gatari, sai an gama gini a fara neman inda za a sha iska.

Tsakanin ƙarfe biyu da huɗu ne zafi yake kai maƙura, kuma a daidai lokacin na haɗu da ɗalibai suna dawowa daga lacca. Masu hali sun hau babur ko A Daidaita Sahu. Sauran suna tafe a gefen kwalta, wata ta kare fuska da littafi, wani ya lulluɓe kai da rigar ɗakin gwaji. Na jera da wani saurayi da ya ce a cikin gari yake haya. Ya ce, "Wallahi Malam, ba nisan ne yake sa mu hau babur ba. Tafiyar da safe ba komai ba ce. Da rana ce kuɗin abincinka yake tafiya a kuɗin hawa." Na riƙe wannan magana, domin ta nuna cewa rashin inuwa haraji ne da talaka yake biya kullum, ko da aljihunsa ko da lafiyarsa.

Wane Itace, a Wane Wuri?

Da la'asar na gangara bakin kogi wajen masu lambu, na sami wani magidanci da yake renon dashe a leda. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, sai ya ajiye bokiti ya shiga yi mini dalla-dalla.

Ya ce ba kowane itace ne na hanya ba. Kuka tana da amfani, amma a rani tsirara take, lokacin da ake nemanta ba ta da ganye. Turare dogo ne, inuwarsa shara-shara, ga shan ruwa. Giginya kuwa Hausawa sun riga sun gama magana: na nesa ka sha inuwarta. Gawo shi ne mai abin mamaki, yana zubar da ganye da damina ya fitar da rani, don haka ya dace da hanyoyin da suka ratsa gonaki, ba ya hana shuka haske kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Mangwaro inuwarsa duhu ce, amma yana son danshi, wurinsa kusa da kogi. Maɗaci ya yi kyau da babban titi, kamar yadda aka jera shi a unguwar Nasarawa ta Kano tun zamanin Turawa, sai dai masu magani suna sassaƙe ɓawonsa har su kashe shi in ba a sa ido ba. Ceɗiya da durumi reshe ake sarowa a kafa, in aka sami dogo ma akuya ba ta kai ga ganyensa, amma saiwarsu tana fasa gini da kwata, don haka dandali da tasha da bakin kasuwa ne wurinsu. Tsamiya ba ta sauri, wanda ya dasa ta jikokinsa ya yi wa.

Ya ce in ana son abin da zai yi sauri ya jure fari, a kama darbejiya. Asalinta daga Indiya take, a 1928 aka fara dasa ta a Borno, yau ga ta ta zama 'yar gida daga Maiduguri har Sakkwato. In ta sami ruwa da kariya a rani biyu na farko, cikin 'yan shekaru mutum zai tsaya a ƙarƙashinta. Muka yi lissafi tare: in aka ba da tazarar mita 10, kilomita guda bishiya 100 yake buƙata a gefe ɗaya. A layin kudu da arewa kuma gefen yamma ya kamata a fara, saboda shi ne yake tare ranar bayan azahar. A kauce wa ƙarƙashin wayar lantarki, in ba haka ba ranar da ta girma za a zo a datse ta.

Ba a rasa shirye-shiryen dashe a ƙasar nan ba. Kano tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Itatuwa ta Afirka ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Ga shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na dala miliyan 700, da ya haɗa jihohin Arewa 19 da Abuja. A 2024 gwamnatin jihar Kano ta ƙaddamar da dashen itatuwa miliyan 3. Duk abin a yaba ne. Amma yawan dashen da aka raba abu ne dabam, yawan wanda ya rayu kuma dabam, sannan ko ya rayu, tambayar mai tafiya a ƙasa ita ce: a kan hanyata yake?

Wuraren da suka ci nasara, reno suka sa a gaba. A Maraɗi, tun daga 1983, manoma suka koma renon tohon da yake fitowa daga kututture maimakon sare shi, kuma an ƙiyasta hakan ya dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, saboda kowane manomi ya san itacen nasa ne. Birnin Madelin na Kolombiya ya zaɓi hanyoyi 30 tun daga 2016, tituna da bakin rafuka, ya jera musu itatuwa a haɗe ba yankewa, ya horar da marasa galihu suka zama masu kula da su, zafin birnin ya ragu da kusan digiri 2. A Firitawun ta Saliyo, inda aka naɗa Eugenia Kargbo jami'ar kula da matsalar zafi a 2021, ta farko a Afirka, ana biyan mazauna unguwa ladan renon bishiya, an kuma yi wa mata 'yan kasuwa rumfuna. Darasin bai bambanta da na darbejiyar mai abincin Kara ba: itacen da yake da mai shi, shi ne yake rayuwa.

Abin da Wudil Za Ta Iya

Da magariba ta kawo jiki na koma tasha, ƙafafuna sun yi nauyi, amma abin da na gani ya ba ni ƙarfin gwiwa. Wudil ba ta kai girman da za ta gagari tsari ba, ga kogi a gefenta, ga masu renon dashe, ga jami'a mai ɗaliban tsara birane da na aikin gona.

Matakin farko ba ya cin kuɗi. A zauna da 'yan garuwa da masu tallar nono da 'yan dako da ɗalibai da matan da suke kai yara asibiti, a tambaye su ina suke bi, ƙarfe nawa, ina ne rana ta fi cin su. Ɗalibai su bi waɗannan hanyoyi da safe da azahar da la'asar, su zana inda inuwa take da inda ta yanke. Daga nan a zaɓi hanyoyi kaɗan da ƙafa ta fi yawa a kansu: daga gada zuwa kasuwa, daga tasha zuwa babban asibiti, daga cikin gari zuwa jami'a, da hanyoyin makarantun firamare da masallatan Juma'a. A fara cike giɓin da yake tsakanin itatuwan da suke raye, kuma a hana sare su. Inda itace ba zai yiwu ba, kamar bakin gada ta kowane ɓangare da wuraren jiran mota, a kafa rumfa mai tsayi da benci da randa. Kowace bishiya a damƙa ta a hannun mai shago ko mai gida ko makarantar da take kusa, a ba shi abin killacewa, a rubuta sunansa. Hukumar tsara birane ta KNUPDA da ƙaramar hukuma kuma su sa inuwa cikin sharuɗɗan kowane sabon titi da sabon yankan filaye, yadda ake sa kwata.

Addininmu ma bai bar wannan fage ba. Hadisi ingantacce ya nuna dashen da mutum ko tsuntsu ko dabba suka amfana da shi sadaka ne ga wanda ya dasa, wani kuma ya yi kashedi mai tsanani game da ɓata hanyar mutane da inuwar da suke hutawa. Limamai suna da abin faɗa a huɗuba, masu hannu da shuni kuma suna da ƙofar sadaka mai gudana da ba ta kai tsadar gina bene ba.

Kirana ga shugaban ƙaramar hukuma da hakimi da dagatai da masu unguwanni, da shugabannin kasuwa da ƙungiyar direbobi da hukumar jami'a, shi ne kada a jira wata bazarar ta zo a dawo ana kukan zafi. Lokacin dashe shi ne Yuni da Yuli, da zarar ruwa ya zauna. A fitar da hanya ɗaya tak a bana, a jera mata itatuwa daga farko har ƙarshe, a rene su. Kai kuma mai karatu, in ƙofar gidanka ko shagonka tana bakin hanya, dasa guda ɗaya, ka killace ta, ka ba ta ruwa har ta fi ƙarfin akuya.